Auna ƙyamar masu cuta a Damagaram: jama'a za a tambaya ko masu ciwon?

Ɗalibin makarantar lafiya da ke haɗa kundin kammala karatu, ko ma'aikacin ƙungiya da aka ce ya kawo alƙaluma kafin a saki kuɗin aiki, in suka tashi auna yadda ake ƙyamar masu kuturta ko tarin fuka ko sida a Zinder, abin da sukan fara nema shi ne takardar tambayoyi mafi kyau. Takardun suna nan da yawa, akasarinsu kyauta a intanet. Abin da ya raba su shi ne wa suke tambaya, kuma a kan wa. Wata takan ce "kai za ka yi?", wata ta ce "mutanen garinku suna yi?", wata kuma ta je wurin mai ciwon ta ce "an yi maka?". Ko a unguwa ɗaya aka tara amsoshin nan uku a yini ɗaya, ba za su zo daidai ba, kuma kowace da aikin da take yi.

Mafi tsufa ita ce mai cewa "kai za ka yi?". Wani masanin zamantakewa a Amurka, Emory Bogardus, shi ya fito da ita a 1925 don ya ga iyakar kusancin da mutum zai yarda da shi tsakaninsa da wata ƙabila. A 1987 Bruce Link da abokan aikinsa suka juya ta zuwa kan masu taɓin hankali, a 2014 kuma aka gwada ta a kan kuturta a yankin Cirebon na Indonesiya. Ana kiranta SDS, ma'aunin nesanta kai. Ana fara ba mutum ɗan labarin wani mai ciwon, sannan a yi masa tambayoyi 7: zai ba shi hayar ɗaki a gidansa, zai yi aiki tare da shi, zai yarda su yi maƙwabtaka, zai bar masa yara na ɗan lokaci, zai ba shi ƴarsa, zai haɗa shi da wani nasa, zai tsaya masa ya samu aiki wurin abokinsa. Kowace amsa daga maki 0 zuwa 3 take, jimla 21. Ba ta cin lokaci, kuma wanda aka horar da shi kwana biyu zai iya riƙe ta.

To amma a ce ɗaliba ce ta yi sallama a wani zaure a Birni, dattijo ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta karanta masa labarin.

"Baba, da a ce mutumin nan ya kama gida jikin naku, za ku yarda?"

"Haba ƴata, ai cuta ta Allah ce. Wa ya fi ƙarfinta? Ya zo mana."

"To Baba, in ya nemi auren ƴarku fa?"

Ya ɗan yi shiru, ya gyara zama. "Aure ai nufin Allah ne. Sai dai a yi shawara da ƴan'uwa."

Wane gurbi za ta cika? Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma duk Bahaushen da ke zauren ya ji amsar. Nan ne raunin wannan ma'auni a wurinmu. Mutum ba ya son ya ce wa baƙo "ina ƙyamar bawan Allah" da bakinsa, balle in baƙon ya ce daga wajen ma'aikatan lafiya yake. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka makin yakan fito ƙasa da abin da ke faruwa, kuma tambayar aure ce kawai takan ɗan tona asiri. Ni in aka kawo mini sakamakon SDS, kafin in dubi jimla sai na dubi tazarar da ke tsakanin amsar maƙwabtaka da ta aure.

Akwai kuma tambayoyin da ba su dace da zamanmu ba. Gidan da ake kulle ba a ba baƙon namiji ɗaki a cikinsa, lafiyarsa ƙalau ko ba ƙalau ba, don haka "a'a" a nan ba ta nuna komai. Abubuwan da ƙyama ke fitowa a cikinsu a Damagaram kuwa babu su a takardar: sa hannu a kwano ɗaya, karɓar ludayin fura, musabaha, aron buta, tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu, zama gaban wanzami bayan ya tashi. Ana iya ƙara su, ya ma kamata a ƙara, sai dai a lissafa su daban, kada a zuba su cikin makin nan 21, in ba haka ba sakamakon ba zai kwatantu da na kowa ba.

Ƴar'uwar SDS a wannan layi ita ce tambayoyin babban binciken lafiyar iyali na ƙasa, EDSN, wanda hukumar ƙididdiga ta INS ta yi a 2006 da 2012. A can an tambayi mutane ko za su sayi kayan miya wurin mai ɗauke da ƙwayar sida, ko za su yi jinyar ɗan'uwa a gida, ko malama mai ɗauke da ita ta ci gaba da koyarwa. Yanzu ONUSIDA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da sida, ta fi riƙe biyu: ta kayan miyan, da ko yaro mai ƙwayar ya zauna aji ɗaya da sauran yara. Amfaninsu ɗaya ne, kuma babba ne: kana iya jera alƙalumanka kusa da na ƙasa da na maƙwabta. Sai dai binciken 2006 ya sami masu ƙwayar kashi 0.7 cikin 100 na manya, na 2012 ya sami 0.4. Ke nan yawancin waɗanda za ka tambaya ba su san wani da suka tabbata yana ɗauke da ita ba. Mutumin da suke ba ka amsa a kansa, a zuci suka ƙera shi.

Hanya ta biyu ta fi wayo. Maimakon ta tsare mutum, sai ta ce ya ba da labarin garinsu. Asalinta daga tsarin hira ne mai suna EMIC, wanda Mitchell Weiss da abokansa suka yi aiki da shi a kan masu kuturta a Indiya, aka buga a 1992. Daga baya aka ciro wa jama'ar gari tambayoyi 15 daga ciki. Mai kuturta zai ɓoye in da hali? Ciwon yana jawo kunya a garinku? Mutane za su daina zuwa gidansa? Zai sha wuyar samun aure? Auren da yake ciki zai girgiza? Ƴan'uwansa fa, za su sha wuyar aure saboda shi? Za a ƙi sayen abinci a hannunsa? "E" maki 2, "wataƙila" 1, "a'a" ko "ban sani ba" 0, jimla 30. Masu aikin tarin fuka suna da irinta, wadda Annelies Van Rie da abokanta suka haɗa a kudancin Tailan a 2008, mai jimloli 11 a kan ra'ayin jama'a da 12 a kan na masu ciwon, kusan dukansu da "wasu mutane" suke farawa.

Dattijon nan da ya kauce wa tambayar aure, in aka ce masa "Baba, a garin nan ana ba mai irin wannan ciwo mata?", zai buɗe baki: "Ina! Ai ko ƙannensa sai sun sha wuya." Ya faɗi gaskiya ba tare da ya shafa wa kansa baƙi ba. Don haka na fi amincewa da wannan hanya a cikin gari. Tambayar auren ƴan'uwa ma ita kaɗai ta isa a zaɓe ta, domin a Zinder ƙyama ba ta tsayawa kan mai ciwon. Unguwar Kara-Kara asalinta matsugunin masu kuturta ne, yau kuwa cike take da jikoki da baƙi waɗanda ba su taɓa ciwon ba, amma sunan unguwar yana bin su wurin neman aiki da neman aure. SDS ba ta da gurbin da za ta kama wannan.

Ita ma EMIC tana da nata raunin. Abin da take aunawa shi ne abin da mutum yake zaton ana yi, wanda kan iya zama labarin zamanin kakanninsa. In ka yi wata shida kana faɗakarwa a rediyo da masallatai ka dawo ka sake aunawa, kada ka yi mamaki in makin bai motsa ba, ko ma ya hau, domin yanzu mutane sun fara lura da abin da da ba sa gani. Sannan ga "ban sani ba" da ake ba 0 daidai da "a'a". Amarya da ake tambaya a gaban uwar mijinta za ta ce "wallahi ban sani ba" sau goma, ta fito a lissafi kamar wadda ta ce garinsu babu ƙyama. A ba wannan amsa nata gurbi, a ƙirga ta daban, a kuma faɗi yawanta a rahoto.

Akwai wani abu da duka biyun ke tuntuɓe a kansa, shi ne bambanci tsakanin ƙyama da kiyaye kai. Cuta mai yaɗuwa ba kamar farfaɗiya ba ce, wani nesantar daidai ne. Lokacin sanƙarau da ya taso a jihar nan daga Nuwamban 2022, ya taɓa Dungas da Magarya da Matamaye da Mirya da cikin birni, ko maƙarau da ya biyo baya a 2023, keɓe mara lafiya umarnin ma'aikatan lafiya ne. Mai tarin fuka da bai fara magani ba, ƙin kwana da shi a ɗaki rufe hankali ne, tunda ta iska cutar ke bi. Ware masa kwano kuwa ba ya kare kowa, kuma wanda ya yi makonni yana shan maganin da ke ci, haɗarin ɗauka daga gare shi ya ragu ƙwarai. Kuturta sai an daɗe ana cuɗanya da wanda bai fara magani ba, da ya fara kuma ya daina yaɗa ta, yatsun da suka lalace tabo ne kawai. Wani zai jawo maka hadisin da ya ce a guji mai kuturta kamar yadda ake gudun zaki, wani ya jawo wanda ya ce babu ɗaukar cuta, dukansu kuma suna cikin Buhari. Ba aikin mai tambaya ba ne ya yi fatawa a zaure. Aikinsa shi ne ɗan labarin da zai karanta ya fito fili: mutumin ya fara magani ko bai fara ba, ya warke ko bai warke ba, ana ganin alama a jikinsa ko ba a gani. Labarin da bai faɗi wannan ba, makin da ya haifar ba ya fassaruwa.

Sai hanya ta uku, wadda ta fi wuya, ta fi kuma kusa da abin da ake nema: a tambayi masu ciwon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya fi suna a nan shi ne ma'aunin Barbara Berger na 2001, jimloli 40 a kan sida, da suka kasu huɗu: abin da aka yi wa mutum, tsoron a sani, yadda yake ganin kansa, da abin da yake zaton jama'a na faɗa. An yi shi a Amurka don masu karantawa da kansu. Karanta wa mace jimla 40, kowace da zaɓi huɗu, alhali ta baro ƙauye tun asuba don karɓar magani, zalunci ne, kuma daga tsakiya za ta koma "e, haka ne" don a sallame ta. Akwai gajere mai jimloli 12 da aka fitar a Suwidin a 2017, shi ya fi. A raba kowace tambaya biyu: haka ne ko ba haka ba, sannan sosai ko kaɗan. Wani cikas kuma, jimloli da dama suna ɗauka cewa an riga an san halin da mutum ke ciki. Wadda ko mijinta ba ta gaya wa ba za ta ce ba wanda ya guje ta, gaskiya kuma ta faɗa, amma ita ce ƙyama ta fi ɗaurewa.

Binciken da ake kira Stigma Index ya warware rabin wannan matsala ta wata hanya. An fara shi a 2008, an yi shi a ƙasashe fiye da 100, ƙa'idarsa kuwa ita ce mai tambaya shi ma yana ɗauke da ƙwayar, su zauna gefe da gefe suna duban takarda ɗaya. "Yaya, ni ma shekarata nawa ina shan maganin nan" tana buɗe abin da farar riga ba ta buɗewa, musamman in ƙorafin a kan ma'aikatan lafiyar ne kansu. Sai dai ba aikin ɗalibi ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar ne ke jagorantarsa, a Nijar irin su RENIP+, kuma yana son kuɗi da watanni. Abin da ƙaramin mai bincike zai ara daga gare shi shi ne wannan zama na gefe da gefe.

Ga kuturta da sauran cututtukan da ke barin naƙasa, akwai ma'aunin shiga cikin jama'a na Wim van Brakel da abokansa, wanda aka haɗa a Nepal da Indiya da Barazil, aka buga a 2006. Tambayoyi 18 ne, kowace tana kwatanta mutum da tsaransa mai lafiya: kana samun aiki kamarsa, kana zuwa biki da suna da jana'iza kamarsa, ana jin maganarka a shawarar gida kamarsa? Jimla 90, wanda ya wuce 12 ana cewa an tauye shi. Ina son sa saboda bai tambayi zuciya ba, rayuwa ya tambaya. Aibinsa shi ne ba ya rabe wanda ya daina zuwa kasuwar Dole don gyambon ƙafa da wanda ya daina don kallon da ake masa, sai ka bi da "me ya hana?".

A irin wannan hira ce kawai za ka ji abin da takardar jama'a ba za ta taɓa kawowa ba. Maganin kuturta kyauta ne tun 1995, wata 6 ko 12 ake sha, amma ɗaya daga cikin ƙwayoyin uku, kulofazimin, yana sa fata ta yi duhu na wani lokaci. Budurwar da ta ɓoye tabonta da mayafi, maganin ne zai tona ta, sai ta ajiye shi. A rajista za a rubuta ta daina zuwa, ba za a rubuta dalili ba.

Babban raunin wannan hanya shi ne wanda ka samu a layin karɓar magani ya riga ya ci ƙarfin kunyarsa. Wanda ta fi kayarwa yana gida, ko wurin boka, ko ya tsallake ƙaramin asibitin (CSI) unguwarsu ya tafi inda ba a san shi ba, wani har asibitin kuturta na Danja kusa da Maraɗi, wani ya ƙetare iyaka. Bin mutum gida kuma haɗari ne: babur ɗin ma'aikaci a ƙofar gida ya isa unguwa ta fara tambaya. A yi hirar a inda shi ya zaɓa, kada a rubuta suna, kada a fara sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da amincewar mutumin da bakinsa.

Wasu kan ce a bar tambaya, a duba rajista kawai: kashi nawa na sabbin masu kuturta suka zo da naƙasar da ake gani, wadda hukumar lafiya ta duniya OMS ke kira mataki na 2, mako nawa mai tari ya yi kafin ya zo, mutum nawa suka yanke magani. Ba ya cin kuɗi, rajista kuma ba ta jin kunya. Amma a jihar da mutum zai taso daga Tesker ko bayan Tanut, jinkiri na iya zama kuɗin mota ko aikin damina. A ɗauke shi shaida ta biyu. Akwai kuma dabarar jeri: a raba mutane gida biyu, a karanta wa ɗaya jimloli 4, ɗayan a ƙara masa ta biyar mai nauyi, kowa ya faɗi guda nawa ya yarda da su ba tare da ya ce waɗanne ba, yana ƙirgawa da tsakuwa a bayansa. In misali gida na farko ya tashi 2.1, na biyu 2.5, kashi 40 ke nan suka yarda da ta biyar. Dabara ce mai kyau, amma tana son mutane da yawa ƙwarai, ba zan ba ɗalibi shawararta ba.

Yanzu zaɓi. Ya dogara ga abin da za a yi da sakamakon. In saƙon rediyo ko huɗuba ko zama da masu unguwanni za a tsara, jama'a za a tambaya, a haɗa EMIC da SDS a zama ɗaya, tambayoyi 22, a fara da EMIC don baki ya saki. In ɗaya kawai hali ya bayar, EMIC. SDS ita kaɗai ba na ba da shawararta a nan, sai in za a auna kafin faɗakarwa da bayanta, inda ta fi saurin motsi, shi ma da sanin cewa mutane sun koyi amsar da ake so. In kuwa abin da ake son gyarawa yana cikin ɗakin shan magani ne, wato yadda ake kiran suna a layi, inda aka ajiye ƙofar masu sida, dalilin yanke magani, to tambayar ƴan kasuwa ɓata kuɗi ne. Masu ciwon za a zauna da su, ko da 30 ne, da gajeren ma'auni da hira mai tsawo. Kuma duk wanda aka ɗauka a farko, shi za a riƙe har ƙarshe. Wanda ya auna gero da wata tiya da safe, ya sake da wata da yamma, ba zai san ko buhun ya ragu ba.

Ga binciken jama'a, lissafin yawan mutane sananne ne: 384 in ana son kuskure kada ya wuce kashi 5, 96 in an haƙura da kashi 10, in kuma unguwa-unguwa za a ɗiba maimakon ɗaiɗai, a ninka biyu. Kada a tsaya inda kabu-kabu ke kaiwa da sauƙi, domin amsar Zango ba ita ce ta ƙauyen Kance ba, kuma gabas wajen Gure sai da mai jin Barbarci. Mata su tambayi mata, da labarin mace, maza su tambayi maza. Manhajar cike tambayoyi ta KoboToolbox a waya tana aiki ba tare da intanet ba, ta kuma rage kuɗin buga takarda. In kuɗin ya gaza, a rage yawan unguwanni, a bar kwanakin horo yadda suke, a kuma yi amfani da su wajen tsayar da Hausar kowace tambaya a rubuce, a gwada ta a kan mutum 10 zuwa 15 ana tambayarsu me suka fahimta, a kuma amince tun kafin a fita kan gurbin da za a sa amsa irin ta "sai an yi shawara da ƴan'uwa".